Akuya Mai Kunya da Jiƙon Gwaggo Asabe

Har yau idan mutum ya buɗe baki ya ce mini, "Ai mura ba ciwo ba ce, ga abin da za ki haɗa," raina yakan ɓaci tun kafin ya kai ga ambaton citta. Ba cittar nake ƙi ba. Tana nan a kicin ɗina tare da kanumfari da masoro, zuma ma ba ta yanke mini. Masu maganar ne ba na iya jurewa, don tun ina 'yar firamare na san irinsu a gidanmu na Gyadi-Gyadi, kuma da idona na ga abin da suka kusa yi wa yayana.

Gidan na mahaifinmu ne, amma mulkinsa yana hannun yayarsa, Gwaggo Asabe. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo gidan ƙaninta ta kama ɗakin da ya fi kowanne girma. Baba ma'aikacin gwamnati ne, a shekarun nan an tura shi kudu, sai mu yi watanni ba mu sa shi a ido ba. Tun da aka yaye Yaya Nasiru, wanda shi ne ɗan fari, aka damƙa wa Gwaggo shi. A ɗakinta yake kwana, ita ke yanke masa komai, daga ɗinkin Sallah har ranar aski. Umma kuwa, kamar yadda al'ada ta ɗora wa uwa a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. "Yaron nan" take cewa, ko "yayanku". Idan ya shigo ta kawar da kai. Idan ya faɗi ya fasa gwiwa, ni take aika in duba. Dangin Baba kuwa da wannan suke tinƙaho a gidan biki: "Hadizarmu akwai kunya, kai ka ce ba ita ta haife shi ba." Suna faɗa suna washe baki, kamar wani gini suka yi.

Sai Inna, mahaifiyar Umma. Daga ƙauye aka kawo ta neman maganin ido, zaman ya yi tsawo har ta zama 'yar gida, amma ita ba ta taɓa yarda ta zama ba. Zama a gidan suruki ya tsaye mata a rai. Ba ta ɗaga murya, ba ta sa baki a abin da ba a tambaye ta ba, idan Baba yana gari ko ruwa ba ta sha a gabansa. Wuri ɗaya take sakewa, shi ne bakin murhu. Da damina a rumfar kwano ake girki, kuma da an sauke tuwo bayan magariba sai Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta baje garwashin da mara, ta jera masara a kai. Wutar lantarki dama ba ta cika kwana a unguwarmu ba. Mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta, ruwa yana dukan kwano, hayaƙi yana sa mu hawaye, ba wanda ke matsawa. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata can tafe da kaya niƙi-niƙi, wa zai sauke ta?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne, ta iso!" Yaya Nasiru ne ke zama daf da gwiwarta, tana ce masa maigidana, yana ce mata shi ya fasa auren tsohuwa marar haƙori. Shi take fara ɓantaro wa masara.

A wata daminar da aka yi marka, kusan sati rana ba ta leƙo ba, mura ta zagaye gidan. Ni ma na yi. Inna ta dafa mana shayi da citta da lemon tsami, ta zuba zuma, muka sha muka yi gumi, majina ta tsinke, muka miƙe. Yaya Nasiru kaɗai ya ƙi miƙewa. Tasa ta zo da zazzaɓi mai zafi da tari, ya kwanta a ɗakin Gwaggo, daga nan kuma aka buɗe kasuwa.

Gwaggo tana da wani jiƙo da take ji da shi kamar gadon ubanta. Ganyen darbejiya ne da na mangwaro, da tazargade, da tafarnuwa, da jar kanwa, da waɗansu saiwoyi da ta ce ita kaɗai ta san sunansu. Warinsa kaɗai ya isa ya kori ƙadangare daga katanga. Safe da yamma take toshe masa hanci ta ɗura masa. Bayan ita sai 'yan dubiya, kuma a Kano ba a zuwa dubiya hannu rabbana, wanda bai riƙo lemo ba ya riƙo magani a bakinsa. Hajiya Lami ta gidan da ke kallonmu ta ce a narka man shanu a ɗiga masa a hanci. Wata ƙawar Gwaggo ta taso tun daga Unguwa Uku, ta ce a shafe ƙirjinsa da kitsen damo. Wata ta ce a yanka albasa a cusa masa a safa. Wata ta ce farfesun kan rago, a zabga yaji har sai ya yi kuka. Babu wadda ta taɓa zama ta kalli yaron na tsawon shan kofin shayi. Kowacce za ta shigo, ta ce "Sannu Nasiru," ta juya wa Gwaggo ta zazzage iliminta, ta kawo labarin ɗan wance da aka yi wa haka ya tashi a take. Kuma duk abin da aka faɗa sai an yi, don kada mai faɗar ta ji an raina ta. Hankalin baƙuwa ake kiyayewa, ba ƙirjin yaro ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sirace. A tafasa ganye a tukunya, a gasa dutse a wuta har ya yi ja, a zaunar da shi a lulluɓe shi da bargo, sannan a jefa dutsen cikin ruwan. Tururi ya turnuƙe, mu ji yana ta buga bargon daga ciki, Gwaggo ta danne gefen da ƙafarta. Idan aka yaye bargon sai ya zube sharaf, baki buɗe, yana neman iska. Matan nan su gyaɗa kai su ce, "Alhamdulillahi, ciwon ne yake fita." Ni da nake ƙarama ma na ga ba ciwo ne ke fita ba. Haƙarƙarinsa yana lotsawa da kowane numfashi, leɓɓansa sun yi duhu, idan ya so magana ba ya iya haɗa kalma biyu. Abin haushin kuma, daga bakin layinmu kana hango katangar babban asibiti. Da ƙafa ake zuwa.

Duk wannan bidiri Umma tana tsakar gida tana wanki, tana tankaɗe, tana dafa wa 'yan dubiya abinci. Ba ta taka ɗakin Gwaggo ba. Ni take kira ta ce a hankali, "Bilki, je ki ga yayanku ko ya yi barci." Idan na dawo na faɗa mata, sai ta ce to, ta ci gaba da dirzar rigar da ta riga ta fita. Na ji Inna ta same ta a bayan rumfa tana cewa, "Hadiza, abin nan ya bar hanci, ya sauka ƙirji. Wannan ya wuce citta." Umma ta ce, "Inna, da wane bakin zan faɗa? Ɗanta ne. A ce ina rawar jiki a kan ɗan fari?"

Sai Inna ta haɗiye tata kunyar, ta lallaɓa ƙofar Gwaggo ta yi sallama. Ta ce, "Hajiya, ko dai za a leƙa asibiti da maigidan nan nawa?" Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Inna, mura a kai asibiti? Ke da kike ta zarya can, idon naki ya buɗe? Ki dai ji da kanki." Hajiya Lami tana zaune, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Inna ta juyo ta koma bakin murhu.

Da magaribar ranar, ana yayyafi, muka taru a bakin murhu ba tare da Yaya ba. Gwaggo da Hajiya Lami su ma sun shigo rumfar, suna jiran dutsen siracen dare ya yi ja a cikin garwashi. Umma tana gefe tana wanke kwanoni. Na zaci Inna ba za ta yi tatsuniya ba, sai na ji ta gyara murya, kuma da ƙarfi fiye da kullum.

"Ga wata can tafe da kaya niƙi-niƙi, wa zai sauke ta?"

Muka ce mu ne.

Ta ce wai an yi wata Akuya a wani daji, wadda duk dajin babu mai kunyarta. Ta haifi ɗanta na fari, kyakkyawa, mai farin goshi. Wata rana ruwa ya dake shi, mura ta kama shi. A tsallaken rafi akwai tsohon Kunkuru da ya san ciwo ciki da waje, kuma rafin ko gwiwa bai kai ba. Amma Akuya ta ce ina, idan aka gan ta ta saɓi ɗan fari tana gudu da shi, da wane ido za ta kalli namun daji? Ta zauna tana tuƙa, kamar ba abin da ya dame ta.

Sai ga Raƙumi ya zo dubiya, yana taku ɗai-ɗai, leɓe a sake. Ya ce shi idan mura ta kama shi ƙaya yake tauna, ta kakkaɓe masa maƙogwaro. Aka ba ɗan Akuya ƙaya, bakinsa ya yi jina-jina. Sai Kada ya fito daga rafi ya ce wannan shirme ne, shi a cikin ruwa yake kwana, kuma tun da uwarsa ta ƙyanƙyashe shi bai taɓa atishawa ba. Aka tsoma ɗan Akuya a kududdufi. Jemage ya zo ya ce duk ba su san magani ba, a rataye shi kai ƙasa, majina ta zube da kanta. Aka rataye shi a reshen tsamiya. Inna tana kwaikwayon muryar kowannensu, Raƙumi da gadara, Jemage da tsiwa, muna ta ƙyalƙyala dariya. Hajiya Lami har da tafa hannu. Ta ce, "Kai, Jemage mugu!"

Inna ta juya masara ta ce, "Ba wanda ya yi ƙarya fa a cikinsu. Kowa abin da ya yi wa jikinsa daidai ya faɗa. Ba dai wanda ya tambayi jikin ɗan Akuya."

Daga nan ta sassauta murya. Ta ce kafin gari ya waye ɗan Akuya ya daina motsi a jikin reshe. Aka zauna makoki. Raƙumi ya ce ƙayar ce ba a ba shi isasshiya ba. Shi kuma Kada ya ce an yi saurin tsamo shi. Jemage ya ce da ƙafa ɗaya ya kamata a rataye shi, ba biyu ba. Suka ci gumba suka ƙoshi. Amma a kan abu ɗaya bakinsu ya haɗu: ba a taɓa yin mai kunya irin Akuya ba. Ɗanta ya mutu a gabanta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Aka yi ta yabonta, aka tara mata yabo tuli guda.

"Sai Akuya ta kwashi yabon nan," in ji Inna, "ta kai ɗaki, ta shimfiɗe shi a inda ɗanta yake kwana. Can nono ya cika mata, ya yi tauri, yana mata zogi. Ta taɓa yabo ta ce, tashi ka sha. Yabo bai tashi ba. Ta ce, to yi mini kuka ko sau ɗaya in ji. Yabo bai yi ba. Nan ta tsaya, na tofa ta a toka."

Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Gwaggo ce ta fara magana, tana juya dutsenta da itace. Ta ce, "Ai sakarcin Akuyar ne. Da ta haɗa masa da tafarnuwa da kanwa, da ya tashi." Wallahi haka ta ce. An kwatanta ta tun daga kai har ƙafa a gaban yara, ita kuwa abin da ta gano shi ne an manta da tafarnuwa.

Ban lura da lokacin da ƙarar kwanoni ta tsaya ba. Na dai ga Umma ta miƙe, hannunta duk kumfa, ta goge a zaninta. Ta ratsa yayyafi ta nufi ɗakin Gwaggo, ta ɗaga labule ba sallama. Sai muka ji muryarta, a sarari, har rumfa.

"Nasiru. Nasiru, tashi. Ni ce."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya yi mini baƙo, kamar wata ce ta shigo gidan. Gwaggo ta zabura ta yar da itacen.

"Hadiza! Me kunnena yake ji? Ɗan fari? A gabana?"

Umma ta fito da shi goye a bayanta, yaro ɗan aji biyar, ƙafafunsa suna reto har ƙaurinta. Ta ɗaure shi da zani kamar jariri. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Ba ta tsaya jin amsa ba. Hajiya Lami tana ta salati tana cewa duniya ta zo ƙarshe, Gwaggo tana cewa idan ta fita da shi sai ta gaya wa ƙaninta irin matar da ya ajiye. Inna ta cire mayafinta ta miƙa mini ta ce, "Bi uwarki, ki rufa masa kai." Na bi ta da gudu. Har muka isa asibiti da shi take magana. Sunansa take ta kira a hanya, tana maimaitawa, kamar mai ramuwar azumi.

Sanyin haƙarƙari ne, wanda likitoci ke kira nimoniya. Aka sa masa robar iska a hanci, aka yi ta allurai, ya daɗe a kwance. Umma ba ta taɓa gaya mana abin da likita ya ce mata a daren ba, ni kuma ban tambaya ba. A kan tabarma take kwana a gefen gadonsa. Gwaggo ta yi fushin 'yan kwanaki, sannan ta fara zuwa da jiƙonta a filas. Ma'aikatan jinya suka hana. Sai da ya fara zama da kansa yana neman shayi, ta faki ido ta ɗura masa cokali guda. Kwana kaɗan aka sallame shi, Gwaggo ta zagaye Gyadi-Gyadi gida-gida tana ba da labari: likitoci sun yi iya yinsu sun gaza, cokali ɗaya na jiƙonta ya tashe shi.

Labarin da ya zauna ke nan. Baba ya dawo, ya ji komai, ya yi shiru don kada ya kunyata yayarsa. Na daɗe ban yafe masa shirun nan ba. Umma kuwa lambar yabonta ta faɗi. Ta koma "Hadiza mai kiran suna", a gidan suna a nuna ta da baki, a ja wa amare kunne kada su yi irin nata. Ta koma cewa "yayanku" kamar da, amma ba su mayar mata da komai ba. Inna ta koma ƙauye da kaka ta kewayo, idon bai warke ba, can ta rasu.

Da ina yarinya na ɗauka Raƙumi da Kada da Jemage Inna take zagi, kuma na ji daɗin zagin. Sai da na girma na haifi nawa na gane ko ta kansu ba ta bi ba. Ta san irinsu ba sa jin habaici, ko da tabarya aka yi musu shi. Da 'yarta take magana, a gaban mutanen da ba za ta iya yi mata magana a gabansu ba. Kuma ba magani ta koya mata ba, nuna mata ta yi abin da za a biya ta da shi idan ta ci gaba da zama. Tun daga nan na raina duk yabon da ake yi wa mace saboda ta iya danne zuciyarta. Masu yinsa ba su taɓa asarar komai ba. Su dai a yi abin da zai ƙayatar da su, su koma gida su kwana da 'ya'yansu.

Yaya Nasiru yana nan da ransa, a Tarauni yake zaune, ya ajiye tumbi da gemu mai furfura. Ba abin da ya tuna na ciwon nan sai abin da Gwaggo ta gaya masa, kuma ta gaya masa ya fi a ƙirga kafin ta rasu. Yanzu shi ne babban likitan zauren danginmu na waya. Da wani ya ce hancinsa ya toshe, sai ga saƙon murya mai tsawon huɗuba: a samo darbejiya, a samo tazargade. A daminar bara ya yi 'yar mura, na ɗauki Umma muka je dubiya. Falo cike da abokansa, yana kishingiɗe da kofin jiƙo a hannu, ya dubi mutane ya ce, "Kun ga wannan? Shi ya ceci raina ina yaro. Asibiti sun sallama ni, Gwaggo ta ce a ba ta wuri. Allah Ya jiƙan Gwaggo, ita ce uwa." Aka amsa da amin. Umma tana zaune a kan dadduma, kanta a sunkuye, ita ma ta ce amin.

Na buɗe baki, ta danne mini ƙafa da hannunta. Na haɗiye, amma da muka shiga adaidaita sahu na kasa riƙewa.

"Umma, wai har yaushe? Mutumin nan ya kusa aurar da 'ya, bai san wa ya goya shi cikin ruwa ba. Ki bari in gaya masa."

Ta gyara mayafinta, tana kallon titi. Ta ce, "Ki gaya masa ya yi yaya? Ya tsani matar da ta raine shi, tana kabari?"

"To ke fa? Kina ji yana ta zuba shirme a gabanki."

Sai ta yi murmushi. Ta ce, "Bilki, ke haushin surutun kike ji. Ni na goya shi lokacin da ba ya iya haɗa kalma biyu. Bar shi ya yi ta zuba, ni daɗin ji yake yi mini."

Muka iso gida, muka sauka. Ni dai ban kai inda ta kai ba, kuma ba na jin zan kai.